Fitila da Birkin Tirela: Mu Duba Kafin Mu Ɗora Kaya

Ƴan uwa manoma, direbobi da masu motoci, darasinmu na yau a kan tirela ne, wadda wasu ke kira rimok. Za mu yi bayanin yadda ake haɗa fitilunta da birkinta da tsohuwar babbar mota. Maganar ta shafi makanike, ta shafi direba da yaron mota. Ta kuma shafi manomin da ya ɗora buhunansa, da matafiyin da ke bin hanya da babur ko amalanke.

A gundumar Madarunfa, da zarar kaka ta yi, manyan motoci ba su hutawa. Suna kwasar gero, dawa, wake, gyaɗa da aya daga ƙauyukan Gabi, Safo, Sarkin Yamma da Ɗan Isa. Suna ɗaukar zogale da kayan lambu daga fadamar Jiratawa. Wasu suna ɗauko itace daga yankin dajin Baban Rafi. Yawancin kayan nan Maraɗi ake kai su. Babbar hanya mai lamba 9, wadda ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa iyakar Najeriya wajen Jibiya, ita ce ke ɗauke da nauyi mai yawa.

Da yawa daga cikin motocin nan tsofaffi ne. Akwai Berliet, akwai Saviem, akwai Mercedes da DAF. A shekarar 1978 aka haɗe kamfanonin Berliet da Saviem a ƙarƙashin Renault, a ƙasar Faransa. Saboda haka motar da ke ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen nan biyu ta haura shekara 40. Injinta yana iya zama da ƙarfi, amma wayoyinta sun sha rana, sun sha ƙura, sun kuma sha hannun masu gyara iri-iri.

Me ya sa wannan magana ta shafi lafiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, a rahotonta na shekarar 2023, cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. In aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace shan wannan asara. Waɗanda suka karye ko suka naƙasa sun fi waɗanda suka mutu yawa. Magidanci in ya kwanta jinya, gona ta kwanta, iyali sun shiga wahala.

Tirela marar fitila da dare bango ce a tsakiyar hanya. Mai babur ba ya ganinta sai ya zo dab da ita. Tirela marar birki kuwa tana tura motar da ke janta. Mu yi lissafi. Buhu 100 mai kilo 100 tan 10 ke nan. In direba ya taka birki, tirelar ba ta kama ba, tan 10 ɗin nan da nauyin ƙarfenta duk za su danno shi ta baya. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin mita kusan 17 a cikin daƙiƙa ɗaya. In aka ninka gudu sau 2, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau 4. Rigakafi ya fi magani.

Darasi na farko: ƙarfin wuta

Ana auna ƙarfin wutar mota da abin da ake kira bolt. Ƙananan motoci da yawancin taraktoci suna aiki da bolt 12. Yawancin manyan motoci suna aiki da bolt 24. Batir biyu ne masu bolt 12 ake jerawa, kan wannan a haɗe da na wancan, su ba da 24. Amma akwai tsofaffin manyan motoci masu bolt 12. Don haka kada mu yi zato. Mu duba batir, mu kuma karanta abin da aka rubuta a gindin ƙwan fitilar motar.

Dole ƙwan fitilar tirela ya dace da wutar mota. In aka sa ƙwai mai bolt 12 a wuta mai 24, zai yi haske sosai, nan da nan ya ƙone. In aka sa mai 24 a wuta mai 12, haskensa zai yi rauni kamar na aci-balbal, ba mai ganinsa daga nesa. Wannan yakan faru in an ɗauko tirelar da tarakta ko ƙaramar mota ke ja, aka ɗaura wa babbar mota. Maganinsa shi ne a canja dukan ƙwayayen tirelar.

Wasu sukan jawo waya daga batir ɗaya kawai don su samu bolt 12. Wannan dabara tana kashe batir. Ɗaya zai riƙa ƙarewa, ɗaya kuma caji ya yi masa yawa, a ƙarshe a rasa duka biyun. Araha ba ta ado.

A yanzu akwai fitilun zamani da ake kira LED. Ba su cin wuta da yawa, girgizar hanya kuma ba ta saurin kashe su. Wasunsu suna aiki da bolt 12 da 24 duka. Mu karanta jikin kwalin kafin mu saya.

Darasi na biyu: fitilun da ya kamata tirela ta samu

1. Fitilun dare: ja guda 2 a baya, hagu da dama. Suna kama tare da fitilun mota. Ƙwansu mai wat 5 ne ko 10.
2. Fitilun birki: ja guda 2, sun fi na dare haske. Suna kama in an taka birki. Ƙwansu mai wat 21 ne.
3. Sigina: ruwan lemo, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ita ce ke gaya wa na baya inda za mu juya. Ƙwanta mai wat 21 ne.
4. Fitilar lamba: fara, ƙarama, tana haska lambar tirela.
5. Abin ƙyalli: ja mai kusurwa 3, guda 2 a baya. Ba ya buƙatar wuta. Hasken motar da ke tafe yake mayarwa. Ko wuta ta ɗauke, shi yana aiki, in dai an goge shi.

In tirelar doguwa ce, a ƙara ƙananan fitilu ko abin ƙyalli ruwan lemo a gefenta, domin wanda ya fito daga wata hanya ya ga tsawonta.

Darasi na uku: wayoyi 7 da launinsu

Wuta tana tafiya daga mota zuwa tirela ta cikin igiya ɗaya mai kauri. A cikinta akwai wayoyi 7. A ƙarshenta akwai kai mai baki 7, wanda ake cusawa cikin soket da ke bayan mota. A motocin da aka ƙera a Turai, kowane launi da aikinsa:

- Fari: hanyar komawar wuta.
- Baƙi: fitilar dare ta hagu.
- Ruwan ƙasa: fitilar dare ta dama.
- Rawaya: siginar hagu.
- Kore: siginar dama.
- Ja: fitilun birki.
- Shuɗi: a manyan motoci an ware shi don birkin tirela mai aiki da lantarki. A ƙananan motoci na fitilar hazo ne.

Soket na bolt 24 daban yake da na bolt 12. Jerin bakinsu ma ba ɗaya ba ne. In kai ya ƙi shiga soket, kada a tilasta shi.

Sai dai a tsohuwar mota launi kaɗai bai isa shaida ba. Wataƙila wani mai gyara ya taɓa sa jar waya a gurbin koriya, don ita ya samu a ranar. Saboda haka sai an gwada. Abin gwajin ba shi da wuyar yi. Ƙwan fitila ne mai ƙarfin wutar motar, a ɗaura masa waya biyu. Ɗaya a taɓa ta a jikin ƙarfen mota, ɗaya a taɓa wayar da ake son ganewa. Direba ya kunna siginar hagu. Wayar da ta sa ƙwan gwaji ƙiftawa ita ce ta hagu. Haka za a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kowace aka gane, a manna mata takarda, a rubuta sunanta. Nan ga amfanin karatu ya fito.

Darasi na huɗu: hanyar komawar wuta

Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Tana fita daga batir, ta bi waya, ta shiga ƙwai, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen mota. Makanikai suna kiran wannan hanyar komawa mas. Matsalolin fitilar tirela da yawa daga nan suke.

Wasu ba su damuwa da farar waya. Suna cewa ai ƙugiyar da ta haɗa mota da tirela ƙarfe ce, wuta za ta bi ta nan. Amma ƙugiya tana da tsatsa, da man giris, da rairayi. Tana kuma motsi a kan gargada. Wuta sai ta kama ta saki.

Ga alamun rashin mas mai kyau. An taka birki, sai sigina ta kama. An kunna sigina, sai dukan fitilun baya su riƙa ƙiftawa tare. Fitila tana dushewa in an kunna wata. Dalili shi ne wutar ta rasa hanyarta, sai ta kutsa ta cikin wani ƙwai.

Maganinsa shi ne a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. A ɗaure farar waya da ƙusa mai noti a jikin shasin mota, a yi haka kuma a jikin tirela. A shafa ɗan giris a kai don kada tsatsa ta dawo. Farar waya ta fi sauran kauri, domin wutar dukan fitilu ta cikinta take komawa.

Darasi na biyar: yadda ake haɗawa

1. A tsayar da mota a wuri mai lebur, a ja birkin hannu, a sa katako a tare tayoyi.
2. A gane wayoyin bayan mota da ƙwan gwaji, a rubuta sunayensu.
3. A kashe inji, a cire kan batir mai alamar ragi (–). Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.
4. A ɗaure soket a bayan mota, murfinsa yana rufewa daga sama, don kada ruwa ya zauna a ciki.
5. A haɗa kowace waya da ƴar uwarta. A matse mahaɗin sosai ko a yi masa dalma, sannan a naɗe da tef na wayar lantarki. Murɗa waya da hannu a ɗaure da leda ba gyara ba ne.
6. A bi gefen shasi da wayoyin, a ɗaɗɗaure su. A nisanta su daga salansa, da taya, da bakin ƙarfe mai kaifi. Inda waya ta ratsa huda, a sa mata roba.
7. A bar igiyar da ke tsakanin mota da tirela da ɗan saki, yadda ba za ta tsinke a kwana ba, ba kuma za ta ja ƙasa ba.
8. A mayar da kan batir, a gwada kowace fitila.

Kowace hanyar wuta tana da fis. Fis mai gadi ne. In wuta ta yi yawa, shi ke tsinkewa don waya ta tsira. Mu yi lissafi. Da dare, an taka birki, an kunna sigina: fitilun birki wat 42, na dare wat 10, sigina wat 21. Jimla wat 73. In muka raba 73 da 24, za mu samu amfiya 3 da ɗan kai. Wannan shi ne nauyin da tirela ta ƙara wa wayoyin mota. A mota mai bolt 12 nauyin ya ninka, ya zama amfiya 6. In tsofaffin wayoyi da makunnai ba za su ɗauka ba, mai wayarin mota zai sa ƙaramar na'ura da ake kira rile, ta jawo wa tirela wuta daga batir ta hanyar fis nata.

In fis ya ƙone, a sa wani mai lamba irin tasa. In ya sake ƙonewa, akwai waya da ke taɓa ƙarfe, a nemo ta. Kada a sa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbin fis. Haka mota ke kama wuta. Wanda ya ɗora harawa, auduga ko itace ya san abin da tartsatsi ɗaya ke iya yi.

Sigina mai lafiya tana ƙiftawa sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. In ta cika sauri ko ta tsaya cak bayan an haɗa tirela, ko dai ƙwai ya mutu, ko kuma na'urar da ke sa ta ƙiftawa ba ta dace da fitilun ba. A sa wadda aka yi don jan tirela.

Darasi na shida: birkin iska

Birkin babbar tirela da iska yake aiki. Injin mota yana hura iska cikin tanki. A yawancin motoci agogon iska yana kai wa bar 7 zuwa 8 in tanki ya cika. Tiyo biyu ne ke kai iska ga tirela:

- Jan tiyo: yana cika tankin tirela da iska a kowane lokaci.
- Rawayan tiyo: yana kai saƙon ƙafar direba. In ya taka birki, ta nan tirela ke sani. A motocin Amurka wannan tiyo shuɗi ne.

An tsara abin da hikima. In tirela ta ɓalle a kan hanya, jan tiyo ya tsinke, birkinta yana kamawa da kansa. Amma sai in akwai iska a tankinta, kuma na'urorinta suna da lafiya.

Ga ƙa'idar da kowane yaron mota ya kamata ya haddace. Wajen haɗawa, rawaya ake fara sawa, sannan ja. Wajen cirewa, ja ake fara cirewa, sannan rawaya. Kada a bar ja shi kaɗai a haɗe. In ja kaɗai ke haɗe, birkin tirela yana iya saki, alhali direba ba shi da hanyar kama ta. Sai ta gangara ta matse mutumin da ke tsakani. Kafin kowa ya shiga tsakanin mota da tirela, a ja birkin ajiya na duka biyun, a kuma tare tayoyi.

Wata tsohuwar motar ba a ƙera ta don jan tirela ba. Wata tiyo ɗaya gare ta. Wata birkin mai take da shi. Irin wannan ba ta iya sarrafa birkin tirela mai tiyo biyu sai an sa mata na'urar raba iska da ta dace. Wannan aikin ƙwararren makanike ne. Tirelolin zamani kuma suna da wata igiyar lantarki daban, ta na'urar ABS, wadda ke hana taya maƙalewa ta ja ƙasa. Yawancin tsofaffin motoci ba su da soket ɗinta. A nemi shawarar makanike kafin a haɗa su.

Akwai ƙananan tireloli masu birkin lantarki. Su ma ba a haɗa wayar birkinsu kai tsaye da fitilar birki. Suna da akwatin da ake sawa kusa da direba, mai auna ƙarfin kamun. Yawancin irin wannan birki na bolt 12 ne.

Abubuwa uku da za mu guje wa:

1. Toshe tiyo ko naɗe shi don yana yoyo. Wanda ya yi haka ya kashe birkin tirela da hannunsa.
2. Buɗe tukunyar birki mai sifirin a ciki. Sifirin ɗin yana da ƙarfin da zai iya kashe mutum.
3. Barin ruwa a tankin iska. Kowace safiya a ja abin da ke ƙasan tanki, ruwa ya fita. Ruwa yana kawo tsatsa, musamman da damina.

Mu kula da jikinmu wajen aiki

Ruwan batir yana ƙuna. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, a tafi likita nan take. Kada a sha taba ko a kunna ashana kusa da batir, domin yana fitar da iska mai kama wuta. A cire zobe da agogo kafin a taɓa shi. A hana yara wasa ƙarƙashin tirela.

Dubawar minti 10 kafin tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi gyara tun kafin ranar kasuwa. Ranar tashi kuma a yi wannan dubawa, direba a ciki, yaron mota a baya:

1. Ƙugiya ta kama, an sa mata makulli, sarƙa tana nan.
2. Tiyo biyu da igiyar wuta suna haɗe, ba su jan ƙasa.
3. Agogon iska ya cika. A kashe inji, a taka birki, a saurara. In ana jin iska tana fita, akwai yoyo.
4. Fitilun dare, na birki, siginar hagu da ta dama duk suna kama.
5. An goge ƙura da laka daga gilashin fitilu da abin ƙyalli. Tamfol ko harawa ba su rufe su ba.
6. A ja mota a hankali, a taka birki, a tabbata tirela ta kama.

In mota ta lalace a hanya, a sauka gefe, a ajiye alama mai kusurwa 3 nesa da ita, gaba da baya. Ganye da duwatsu ba su haske da dare. In an sa su, a kwashe kafin a tafi.

Mu manoma ma muna da haƙƙi. Kafin mu ɗora amfanin shekara a kan tirela, mu ce wa direba: “Malam direba, don Allah a taka birki mu ga fitila.” Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu amalanken shanu da na jaki kuma su manna abin ƙyalli a baya, domin hanya ɗaya muke bi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me zai faru in an sa ƙwai mai bolt 12 a mota mai bolt 24?
2. Mene ne aikin farar waya?
3. Wane tiyo ake fara haɗawa, wanne ake fara cirewa?
4. Buhu 80 mai kilo 100 tan nawa ne?
5. Me ya sa ba a sa guntun waya a gurbin fis?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa direba ko yaron motar da bai iya karatu ba tukuna. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.